Daga Wayar Tarho Zuwa Layin Rajista

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, bari in ba ku wani tarihi.

Makon jiya na kwana uku a layin rajista. Tebur huɗu ne: biyan kuɗi, tantance takardu, sa hannun shugaban sashe, sai hatimi. A tebur na ƙarshe aka ce an rubuta sunana ba daidai ba, in koma farko. Wallahi kamar in yi kuka. Ina tsaye sai na tuna ashe abin da muke karantawa a aji ke nan.

Ilimin lissafin layi ya faro ne a Danmak. Wani masanin lissafi, Agner Erlang, yana aiki a kamfanin tarho na Kofenhegen. A 1909 ya wallafa bincike kan yadda kira ke shigowa ba tsari, a 1917 kuma ya fitar da lissafin yawan layukan da za su wadatar.

Amma shi tasha ɗaya ya duba. A masana'anta kuwa, kaya kan bi injina da yawa, suna taruwa a tsakani. A 1957 James Jackson a Amurka ya nuna yadda za a lissafa layukan da ke haɗe da juna. A 1961 John Little ya tabbatar da wata ƙa'ida mai sauƙi: yawan masu jira daidai yake da yawan masu shigowa sau tsawon zamansu. In mutum 30 ke zuwa a awa, kowa yana awa 2, to mutum 60 za ka tarar.

Sai matsalar kaya masu aibi. A ce duk biyar ana mayar da ɗaya farko. Aikin mutum 100 ya zama na 125, ga shi ba a ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba. Tebur ɗin da dama da ƙyar yake numfashi, shi ke fara toshewa.

A Japan, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Taiichi Ohno na Toyota ya ce tara kaya tsakanin injina ɓoye matsala yake yi. Suka rage ajiya, suka ba ƙaramin ma'aikaci ikon jan igiya ya tsayar da aiki da zarar ya ga aibi. Gara a tsaya minti biyu yanzu da a kwance mota gobe.

Da mai tebur na farko ya duba sunana, da ni da na bayana mun huta.

Don haka sababbin shiga, tun da ba mu da igiyar ja, ku zama masu duba kanku. Suna, lamba, rasit, kwafi: ku ba wani na gaba da ku ya duba kafin ku shiga layi. Ranar rufe rajista ba ta jiran kowa. Allah Ya ba mu sa'a.