Awon Nauyin Ƙasa da Abin da ke Ƙarƙashin Masarautar Gumel

Duk wanda ya san rijiyoyin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar ya san cewa rairayi da laka ake haƙa, ba dutse ba. Dalili kuwa shi ne, ƙasarmu tana gefen yamma na Kwarin Tafkin Chadi, wato wani makeken kwari da yashi da laka suka cike tun zamani mai nisa. A wajenmu cikon bai yi kauri ba, amma idan aka nausa gabas zuwa Barno sai ya kai kilomitoci.

Ta yaya aka san haka ba tare da an tona ba? Ta hanyar awon ƙarfin jan ƙasa. Dutse ya fi yashi nauyi, saboda haka inda dutsen gindi ya matso kusa da doron ƙasa, na'urar awo takan nuna ƙarin ja kaɗan, inda ya yi zurfi kuma ta nuna raguwa. Da irin wannan awo Cratchley ya fitar da bayanin kudu maso yammacin kwarin a 1960. Daga baya Deborah Ajakaiye, wadda ta sami digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1970, ta auna duwatsun tsaunukan Jos da wannan hanya.

A yau ana yin wannan awo a kewayen maɓuɓɓugan ruwan zafi, domin gano tsagar dutsen da ruwa ke bi ya gangara inda ƙasa ke da zafi, sannan ya dawo sama. Wikki ta dajin Yankari, mai ɗumin digiri 31, misali ce, haka nan Tafadek kusa da Agadas. Ƙasar Kenya tun 1981 take samun lantarki daga tururin Olkaria, amma a can kusa da duwatsu masu aman wuta ne, kuma zafin ya haura digiri 200.

Mu dai a masarautar nan ba mu da maɓuɓɓugar ruwan zafi, kuma cikon ƙasarmu bai yi kaurin da zai riƙe irin wannan zafi ba. Duk mai yi mana alkawarin lantarki daga tururi, a nemi ya kawo taswirar awonsa tukuna. Amfanin awon a gare mu yana wajen ruwan sha: ya nuna inda dutsen gindi ya lotsa yashi ya taru, kafin ƙungiya ta zuba kuɗin jama'a a rijiyar burtsatse.