Gidan Arewa: Tarihi da manufar dandalin laccocinsa

Gidan Arewa cibiya ce ta bincike da adana kayan tarihi a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Yana kan Titin Rabah, kusa da unguwar Malali a birnin Kaduna, a harabar da Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ya zauna, kuma inda sojoji suka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966.

An kafa cibiyar a 1970 domin tattara tarihin Arewacin Najeriya a rubuce. Farfesa Abdullahi Smith, masanin tarihin nan da ya rasu a 1984, shi ne daraktanta na farko. A 1975 aka miƙa ta ga jami'ar.

Baya ga ɗakin karatu da ma'ajiyar tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, an san gidan da gayyato manyan baƙi su gabatar da lacca. Manufar ita ce a haɗa malaman jami'a da masu riƙe da madafun iko a zaure guda, a tattauna makomar ƙasa a bainar jama'a.

Dandalin ya yi tashe a zamanin mulkin Janar Sani Abacha, lokacin da faɗin albarkacin baki ke da haɗari. A Fabrairun 1994, Janar Olusegun Obasanjo ya yi jawabi a wani taro kan halin da ƙasa ke ciki, inda ya soki dawowar soja kan mulki. Shekara guda bayan haka aka ɗaure shi bisa zargin yunƙurin juyin mulki. A Mayun 1998 kuma, Janar Muhammadu Buhari, wanda ke shugabantar hukumar PTF a lokacin, ya gabatar da laccar tunawa da Sardauna kan shugabanci da riƙon amana. Daga baya an zaɓi dukkansu biyu shugabancin ƙasa.

A Oktoban 2020, a bikin cikar cibiyar shekaru 50, Kayode Fayemi, gwamnan Ekiti na wancan lokaci, ya yi lacca kan sake fasalin tarayyar Najeriya. A Oktoban 2022, gamayyar ƙungiyoyin Arewa ta gayyaci 'yan takarar shugaban ƙasa zuwa zauren. Atiku Abubakar da Bola Tinubu da Peter Obi sun amsa tambayoyi, yayin da Rabi'u Kwankwaso ya ƙi halarta, yana zargin masu shirya taron da mara wa wani ɗan takara baya.

Muhimmancin dandalin ga matasa shi ne, abin da shugaba ya faɗa a nan ya shiga kundin tarihi. Duk mai son auna alƙawari da aiki na iya komawa ga waɗannan jawabai, ya gwada su da abin da masu su suka aikata bayan sun hau mulki.