Mai Gini Da Mai Cin Ƙasa: Ɗan Tarihin Wasannin Kwamfuta Iri Biyu

Yau zan ɗan taɓo tarihin wasu wasannin kwamfuta iri biyu da jama'a kan haɗa su a kwando ɗaya, wai duk "wasan gina gari" ne. A ganina ba ɗaya suke ba.

A shekarar 1984 wani Ba'amurke mai suna Will Wright ya fitar da wasan Raid on Bungeling Bay, inda jirgi mai saukar ungulu ke ruwan bama-bamai a kan tsibirai. Sai ya lura cewa zana tsibiran ya fi masa daɗi a kan rusa su. Daga nan aka samu SimCity a 1989. Kafin fitowarsa sai da kamfanonin wasanni suka yi ta ƙin karɓarsa, don babu ci babu faɗuwa a ciki. Fili ne kawai aka ba ka, ka shimfiɗa titi, ka ja wuta, ka sa haraji. Mu mazauna Ikko, cunkoson motocin da ke ciki ba baƙonmu ba ne.

Shekara biyu bayan haka, a 1991, Sid Meier ya fitar da Civilization. Abin mamaki, daga SimCity ya ɗauko wani ɓangare na tunaninsa, to amma sai ya ƙara abu biyu: abokin gaba da ranar ƙarewa. Za ka fara tun shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ka yi nasara ta hanyar murƙushe sauran dauloli ko ka riga su tura kumbo zuwa tauraron Alpha Centauri. Age of Empires na 1997 ma wannan layin ya bi.

Nan bambancin yake, mai karatu. A wasan daula, in ka gina rumbu ko kasuwa, ba don kyansu ba ne. Don jama'a su ƙaru, kuɗi su shigo, runduna ta yi ƙarfi. A Minecraft kuwa, wanda Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fara fitarwa a 2009, yaro zai kwashe mako yana gina gida, babu wanda zai tambaye shi amfaninsa. Ko dodon ƙarshe da aka sa a 2011, in ka kashe shi wasa bai ƙare ba.

Abin da ke ɗan damuna shi ne, yaranmu da ke tasowa a nan kudu wasunsu a wasan daula suke fara jin sunayen sarakunanmu. An sa Mansa Musa na Mali a Civilization IV (2005), an sa Askiya na Songhai a Civilization V (2010). Madalla da hakan. Sai dai wasan yana nuna tarihi tamkar tsere ne, kowace al'umma a kan hanya ɗaya. Fatake da malaman da suka kafa Sabo a Ibadan ba su ci kowa da yaƙi ba, don haka irin wannan allon ba shi da gurbin da zai sa su.