Lulluɓin lifid a kan ƙarfen dashe na titaniyom

Lulluɓin lifid wani siririn shafe ne na ƙwayoyin maiƙo da ake shimfiɗawa a saman ƙarfen da likitoci ke dasawa a jikin mutum, kamar dashen haƙori, ƙarfen ƙugu, da sukurorin ɗorin ƙashi. Manufarsa ita ce saman ƙarfen ya yi kama da fatar ƙwayar halitta, wadda ita ma da lifid aka gina ta. Babbar matsalarsa ita ce rashin ɗorewa, domin yana saurin ɓarewa daga ƙarfen.

Ƙarfen da ake lulluɓewa

Gaurayen da aka fi amfani da shi shi ne Ti-6Al-4V, wato titaniyom mai kashi 6 cikin ɗari na aluminiyom da kashi 4 na banadiyom. Likitan ƙasar Siwidin Per-Ingvar Brånemark ya lura a shekarun 1950 cewa ƙashi yana manne wa titaniyom kai tsaye, kuma a 1965 ya yi wa mutum na farko dashen haƙori da shi. Da zarar ƙarfen ya taɓa iska, sai wani ɓawo na titaniyom oksaid mai kaurin 'yan nanomita ya rufe shi. Wannan ɓawon shi ne lifid ke zama a kai.

Dalilin lulluɓin

Fosfolifid yana da kai mai son ruwa da jela mai gudun ruwa, don haka a cikin ruwa yakan jeru ninki biyu, kaurinsa kimanin nanomita 5. Nau'in fosfatidilkolin yana rage manne-mannen furotin da ƙwayoyin cuta irin su Staphylococcus aureus, waɗanda idan suka kafa yauƙi a kan ƙarfe maganin rigakafi ba ya cika kashe su, har wani lokaci sai an sake tiyata an cire dashen. Shi kuwa fosfatidilserin yana janyo kalsiyom, abin da ke taimaka wa sabon ƙashi ya fara taruwa.

Ɗorewa

Ana iya shimfiɗa lifid ta hanyar Langmuir-Blodgett, wadda aka samar a shekarun 1930, ko ta barin ƙananan ƙunsoshin lifid su fashe su baje a kan ƙarfen. Hanya ta biyu tana aiki cikin sauƙi a kan gilashi, amma a kan titaniyom oksaid ƙunsoshin fosfatidilkolin sukan manne ba tare da sun fashe ba, sai an haɗa da fosfatidilserin da kalsiyom, ko an ƙara tsamin ruwan.

Ko bayan an samu shimfiɗar, riƙon mai rauni ne. Akwai ɗan siririn ruwa tsakanin lifid da ƙarfe, kuma babu ɗaurin sinadari mai ƙarfi a tsakaninsu. Idan aka fito da ƙarfen daga ruwa zuwa iska, ninkin biyu yakan yage. Wannan ba ƙaramin cikas ba ne, tunda kayan dashe a bushe ake ajiye su cikin leda har ranar tiyata. Kashe ƙwayoyin cuta da tururi mai zafin digiri 121 yana wargaza jerin, hasken gamma kuma yana lalata jelar lifid masu ɗauri biyu. Sannan ga gogayya: haƙorin dashe murɗa shi ake yi cikin ƙashin muƙamuƙi kamar sukuro, kuma shafe mai kaurin nanomita 5 da wuya ya jure wannan. Abin da ya tsira kuma zai gamu da sinadaran fosfolifes da jiki ke amfani da su wajen narkar da lifid.

Zaɓin lifid ɗin ma yana da tasiri. DPPC yana narkewa ne a digiri 41, don haka a zafin jiki na digiri 37 yana nan daskare, ya fi jure wanki. DOPC kuwa ruwa-ruwa yake tun ƙasa da sifili. Ƙara kolestirol yana matse jerin.

Hanyoyin ƙarfafa shi

Masu bincike sukan ɗaure layin farko da ƙarfen ta sinadarin silan ko fosfonet, ko su sarƙe jelolin lifid da juna. Wasu na amfani da lifid na halittun akiya irin su Thermoplasma acidophilum, masu rayuwa cikin zafi da tsami, domin ƙwaya ɗaya takan ratsa kaurin fatar gaba ɗaya, kuma ɗaurinta na ita ba ya saurin tsinkewa. A Japan an samar da folima ta MPC, wadda ke ɗauke da kan fosfolifid kaɗai a kan sarƙa mai ƙarfi. Sai dai yawan ɗauri yana rage motsin da ke sa lulluɓin ya yi kama da fatar ƙwayar halitta ta gaskiya. Yawancin aikin lulluɓe titaniyom da lifid har yanzu a ɗakin gwaji da kan dabbobi ake yin sa.