Matsefatar Haske: Yadda Aka Auna Ƙarfin Tsokar Ɗan Adam



Masu sha'awar ƙwallon ƙafa ba za su manta da ranar 26 ga watan Yunin shekara ta 2003 ba. A ranar ce ɗan wasan Kamaru Marc-Vivien Foé ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili a birnin Lyon na Faransa, ana cikin karawa da Kolombiya, rai kuma ya yi halinsa yana da shekaru 28. Binciken likitoci ya nuna cewa yana ɗauke da cutar kaurin tsokar zuciya, wadda akan gada, kuma aka ƙiyasta tana samun mutum ɗaya cikin 500. Shirin namu na yau zai duba tarihin wata na'ura da ta taimaka aka gano abin da ke faruwa a cikin irin wannan zuciya.

Tun a shekara ta 1954 masana suka gano cewa tsoka tana tsukewa ne saboda wasu zaruruwa iri biyu da ke zamewa a kan juna. Ɗaya na wani furotin ne mai suna aktin, ɗayan kuma na mayosin. Mayosin yana da kawuna da ke cafke aktin su ja shi, kamar masu jan guga a bakin rijiya. To amma kai ɗaya nawa yake ja, kuma da wane ƙarfi? An shafe shekaru 40 ana gardama. A shekara ta 1985, alal misali, Toshio Yanagida na Japan ya ƙiyasta jan ya kai kusan nanomita 60, wasu kuma suka ce bai kai haka ba. Nanomita dai ita ce kashi ɗaya idan aka raba milimita gida miliyan.

Mafitar ta fito ne daga inda ba a zata ba. A cibiyar bincike ta Bell da ke jihar New Jersey a Amurka, wani masanin fiziya mai suna Arthur Ashkin ya nuna a 1970 cewa hasken leza yana iya tura ƙananan ƙwallaye a cikin ruwa. A 1986 shi da abokan aikinsa suka tattara hasken a wuri ɗaya har ya riƙe ƙwallo ya hana shi motsi. Wannan ita ce matsefatar haske. Shekara ɗaya bayan haka ya kama ƙwayoyin bakteriya da ita. Koren hasken da ya fara amfani da shi yana kashe su, sai ya koma ga wani haske da ido ba ya gani, ƙwayoyin suka rayu har suna hayayyafa.

To ta yaya ake awo da ita? Ku ɗauki misalin sikelin rataye na mahauci. Iyakar nauyin nama, iyakar miƙewar sifirin. Haka hasken yake: in an ja ƙwallon daga tsakiya, hasken zai nemi mayar da shi, nisan gocewar kuma shi ke nuna ƙarfin da aka ja shi da shi.

A shekara ta 1994 Jeffrey Finer da Robert Simmons da James Spudich suka gwada wannan dabara a jami'ar Stanford. Sun miƙe zaren aktin ɗaya tsakanin ƙwallaye biyu, kowanne haske na riƙe da shi, sannan suka kusantar da zaren ga mayosin. Da ya cafke ya ja, sai suka ga ya matsa kimanin nanomita 11, da ƙarfin fikonyuton 3 zuwa 4. Domin ku gane ƙanƙantar wannan, nyuton ɗaya shi ne nauyin abu mai giram 100, kamar tumatir ɗaya, fikonyuton kuwa kashi ɗaya ne daga cikin tiriliyan na wannan nauyi. Da tarin irin wannan ɗan ja ne mutum ke ɗaga buhu, da shi kuma zuciya ke bugawa.

Yanzu bari mu koma ga cutar Foé. A 1990 ɗakin binciken Christine da Jonathan Seidman na jami'ar Harvard ya gano cewa wani kuskure a ƙwayar halittar mayosin na haddasa cutar. Da Spudich da ɗalibansa suka auna mayosin na zuciyar ɗan Adam ɗaya bayan ɗaya, sai suka ga ƙarfin kowane kai bai sauya sosai ba. Babbar matsalar ita ce kawunan da ya kamata su huta su ma sun shiga ja, zuciya tana aikin da ya wuce kima. A 2012 masanan suka haɗu suka kafa kamfanin MyoKardia, a watan Afrilun 2022 kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin mavacamten, wanda ke rage yawan kawunan da ke ja.

Shi kuwa Ashkin, sai a 2018 ya sami lambar yabo ta Nobel, yana da shekaru 96. Ya rasu a 2020.

Likitoci na ba da shawara cewa duk wanda wani matashi a danginsu ya taɓa mutuwar fuju'a, ko shi kansa yake suma lokacin motsa jiki, to ya je a duba masa zuciya.