Kogin Kubanni da Abin da Lakarsa ta Adana

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kogin Kubanni ya taso ne daga wajejen Shika, ya ratsa Samaru, ya biyo ta gefen Hanwa, ya bi tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, kana ya faɗa Galma. A zamanin kakanninmu abin da damina ke zuba masa bai wuce toka da kashin dabbobi ba, waɗanda ke ruɓewa su zama taki.

Isowar jirgin ƙasa Zariya wajajen 1911 ita ce ta haifar da Sabon Gari. Kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ya ƙara jawo jama'a da motoci, har aka datse kogin a shekarun 1970 domin samar wa jami'ar ruwan sha. Da haka wata sabuwar shara ta shigo: dalma daga tsofaffin batura da hayaƙin fetur na wancan lokaci, da kadmiyam daga bola, da baƙin man da kanikawa ke tuttularwa a kwata.

Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa. Da rani sukan manne wa ƙura a bakin titi. Ruwan farko na damina shi ke kwashe mafi yawansu zuwa kogi, inda suke kwantawa cikin laka a duk wurin da gudun ruwa ya lafa. Saboda haka, ko da yake ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, wadda ta riga ta kwanta tana nan. Mai lambu ya yi ban ruwa, alayyafo da latas su zuƙa, su iso kwanonmu. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da dalma.

Mun ga illarta a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. Tamu tana taruwa ne a hankali, amma ko kaɗan ɗin na dakushe ƙwaƙwalwar yaro.

Don haka ina kira ga ƙungiyarmu da ta hana fasa batir da zubar da baƙin mai a magudanun Hanwa, ta shirya gayyar yashe kwatoci kafin ruwan farko, ta kuma roƙi masanan jami'a su auna mana ƙasar lambunanmu. Allah ya sa mu dace, amin.