Daga Izgar Doki Zuwa Wayar Burki: Tarihin Tsirkiya

A hutun bara da na koma gida Cadawa, ƙanena ya ɗauko wata tsohuwar jita da ya saya hannun wani ɗan ci-rani. Biyu daga igiyoyinta shida sun tsinke. Ya ce, "Yaya, in ka shiga Maraɗi ka sayo mini kwad." Kwad ɗin nan Faransanci ne, corde. Na ce masa, da Hausa fa? Ya yi shiru. Kakarmu da ke gefe tana ɓarar gujiya ita ta amsa: "Tsirkiya, ja'iri."

Wannan kalma ta girmi jita nesa ba kusa ba. Tsirkiya, ko tsarkiya a wani karin, sunan igiyar baka ne, wadda maharbi ke ɗana kibiya a kai, kuma shi ne sunan igiyar goge, garaya, molo da gurmi. Wato Bahaushe ya daɗe da lura cewa abin da ke harba kibiya shi ne ke fidda amo in an taɓa shi. Ba mamaki garaya, mai tsirkiya biyu, ta zama kiɗan maharba kafin ƴan bori su rungume ta.

To da me kakanninmu ke yin ta? Da abin da daji da garke suka ba su. Goge da kukuma izgar doki ake ɗaura musu, a shafa ƙaro don ta kama. Sauran kuwa jijiya ko fata ake murzawa. Matsalarsu ɗaya: suna jin yanayi. Da damina su saki, da hunturu su bushe su tsinke, makaɗi ya yi ta ɗaure-ɗaure ana jiransa.

Kada ku zaci mu kaɗai muka sha wannan wahala. Udun Larabawa da siliki da hanjin dabba ake yi masa tsirkiya, kuma Ziryab, mawaƙin da ya taso daga Bagadaza ya isa Kurɗuba a 822, shi ake dangantawa da ƙara masa ta biyar. Jitar Sifen ma hanjin tumaki ta dogara da shi ɗaruruwan shekaru. Abin da ya sauya lamarin yaƙi ne. A 1935 kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro nailan. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, hanjin ya yi wuya domin likitoci na ɗinke raunukan sojoji da shi. Andrés Segovia, babban makaɗin Sifen, ya rasa tsirkiya mai kyau, sai ya haɗa kai da wani maƙerin jita a New York, Albert Augustine. Wajen 1947 tsirkiyar nailan ta fito, hanji ya zama tarihi. Ita ma kora ta Mandinko da zaren kamun kifi ake ɗaura ta yau, haka masu gurmi da yawa a ƙasar nan.

Dubi na kusa da mu. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwanin kifi da tsirkiya ɗaya tal ya zaga duniya da kuntiginsa. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen da gwangwani, sanda da wayar burkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, shi ma da wayar keke ya fara, yau ga shi yana cika dandamali a Amurka. Shi kuwa Malam Mamman Barka, gwanin gurmi, a 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi ya koyi biram, mai tsirkiya biyar, wurin Bukar Tar, don kada ta mutu tare da tsohon. Ya rasu a 2018, amma amon biram na nan a faifai.

Ni fa ban san duk wannan ba ranar da na shiga kasuwar Maraɗi. Mai shago ya miƙo mini fakiti biyu, na ƙarfe da na nailan. Na ce wanne ya fi ƙara? Ya ce ƙarfe. Na biya. Ashe jitar ƙanena irin ta nailan ce. Tsirkiyar ƙarfe shida na jan kusan kilo 70, ta nailan kuwa wajen 40 ne. Kafin mako biyu, jakin da ke riƙe da tsirkiyoyin ya ɗago, katakon ya tsage. Yaron bai ce mini uffan ba, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Don haka in za ku saya, ku dubi jakin tukuna: in ɗaure tsirkiya ake yi a jikinsa, nailan ce tasa, in ƙusoshi ne ke danne ta, ƙarfe ne. Mai koyo kuma ya nemi siririya, ta fi tausaya wa yatsu.

A jami'a na sha jin ana cewa zaren kifi a kan gurmi ɓata al'ada ne. Ban yarda ba. Tarihin nan ya nuna makaɗi kullum abin da ke kusa da hannunsa yake ɗaurawa, izga ce ko hanji ko burki. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sunan. In saurayi ɗan shekara 17 a Cadawa ya san kwad bai san tsirkiya ba, gobe jaki, izga da ƙaro za su bi ta, kuma wanda ya rasa sunan abu ba zai iya tambayar tsoho yadda ake yin sa ba.

Jitar dai wani kafinta a bakin tasha ya manne ta, muka sa mata nailan. Kafin hutu ya ƙare, ina roƙon kowannenmu ya sami makaɗin garinsu, ya tambaye shi sunan kowane sashe na kayansa, ya rubuta ya kawo mu buga a fitowa ta gaba.